Malama Edna da Ma'aunin Ruwan Sama

Ranar da aka kai mijina Malam Bamanga makwancinsa, Allah ya jiƙansa, babu ko ɗigon ruwa a randunana. Ƙarshen watan Maris ne na shekarar 2015, zafi ya kai inda ya kai. Duk wanda ya zauna a Gabukka ya san yadda ruwa yake yi mana a irin wannan lokaci: famfo ya daɗe da bushewa, masu kura kuma sai ka yi musu magana tun jiya. Ga gida ya cika da 'yan gaisuwa, wannan zai yi alwala, wancan zai sha. Ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa, amma rabin hankalina yana wajen randa.

Sai na ga bokiti ya leƙo ta saman katanga. Hannu kawai na gani. Ƙanwar mijina ta karɓa ta juye ta mayar, wani ya sake leƙowa, har sau shida. Haka aka yi ta yi kowace safiya har aka yi sadakar bakwai. Ruwan tankin maƙwabciyata ne, Malama Edna, wanda ta tara tun damina, wanda kowa a layinmu ya san ko ɗan cikinta ba ya ɗiba sai ya tambaya. Da na aika a yi mata godiya, cewa ta yi a gaya wa masu juyewa su daina zubar da rabi a ƙasa.

Haka take. Idan kana jiran daɗin baki a wajenta, za ka daɗe kana jira.

'Yar ƙabilar Waja ce daga Talasse, Kirista, gajera, mai saurin tafiya kamar an aike ta. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Mijinta Isaiah direba ne, ya riga nawa rasuwa da daɗewa, ɗansu ɗaya, Hillary, yana aiki a Jos. Shekara ashirin da huɗu katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ban san tarihinta ba sai da na shiga takaba, ta riƙa shigowa tana ba ni shi gutsure-gutsure.

Mahaifinta masinja ne a wata gonar gwaji ta gwamnati. Cikin aikinsa har da duba ma'aunin ruwan sama kowace safiya, ita kuma tun tana 'yar shekara bakwai take riƙe masa kwalba. Ta ce a makarantarsu, ranar da aka raba aji, an kira maza an nufi ɗakin kimiyya da su, 'yan mata kuma aka ce su tafi ajin girki da ɗinki. Ita sai ta saɗaɗa ta shiga layin maza. Malami ya kamo ta da kunne ya mayar da ita. Tana ba ni labarin tana shafa kunnen, shekara hamsin bayan nan.

Ɗakin kimiyyar dai ta shige shi daga baya, amma ta ƙofar ma'aikata. Shekara talatin da ɗaya ta yi a wata sakandare cikin gari tana wanke kwalabe da shirya kayan gwaji. Duk sabon malamin da aka kawo, ita ke nuna masa wace kwalba ce ba a buɗewa kusa da wuta, amma ba ta taɓa riƙe alli a gaban aji ba. Mu ne a unguwa muka laƙa mata Malama. Idan baƙo ya tambaye ta me take koyarwa, sai ta ce, “Ni mai wankin kwalabe ce.”

A shekarar 1993 makarantar ta tashi yin sabon gini, aka tumɓuke tsohon ma'aunin ruwan da ke bayan ajujuwa aka jefa cikin tarkace. Ta nemi izini, aka ce ta ɗauka. Wani gwangwani ne na jan ƙarfe, tsawonsa bai wuce gwiwa ba, da mazurari a bakinsa da kwalba a cikinsa. Sai wani siririn gilashi mai zane-zane a jiki, wanda ake juye ruwan a ciki a karanta lambar. Ta kafa shi a tsakar gidanta. Tun daga ranar, ƙarfe bakwai na kowace safiya sai an duba shi, an rubuta a littafi. In ba a yi ruwa ba, a rubuta sifiri, ko da tsakiyar rani ne. In za ta je Talasse biki ko jana'iza, sai ta bar wanda ta yarda da shi.

Ba ta bar lambar a littafi kawai ba. Ta shafa baƙin fenti a bangon ƙofar gidanta, kullum ta rubuta kwanan wata da yawan ruwan da alli, babba-babba. Da farko dariya ake yi mata. Akwai Iro mai keke-napep, wanda ke ajiye kekensa a bakin layinmu, ba ya wucewa sai ya taɓa ta.

“Malama! Gobe za a yi ruwa? In fito da shanyata?”

“Je ka tambayi Mai ruwan. Ni ba boka ba ce.”

“To mene ne amfanin faɗa mana na jiya? Ai mun jiƙe, mun sani.”

“Kai da ba ka san yawan man da ke tankinka ba sai keke ya mutu a kan titi, ina za ka gane?”

Amma matan da ke da 'yan gonaki a bayan unguwa sun gane. Littattafanta sun nuna mata cewa a yawancin shekaru, ruwan farko a wajenmu mayaudari ne: ya sauka, mutane su ruga su yi shuka, sai sama ta ɗauke kwana goma sha, iri ya ƙone a ƙasa. Sai take ce musu su dakata har lambobin kwana biyu ko uku su taru su kai wani adadi. Wata mai suna Uwa, wadda ke noman gyaɗa da kuɓewa, ba ta iya karatu ba, amma takan tsaya a gaban bangon ta tare ɗan makaranta ta ce ya karanta mata.

Masu duba ma'aunin kuwa 'yan mata ne. Ita ta tsara haka. Kowace yarinya a layin tana da makonta: ta zo kafin ta wuce makaranta, ta juye, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da saman ruwan, ta faɗi lamba, ta rubuta da hannunta. Maza in sun leƙo sai ta kore su, wai su an gina musu ɗaki guda a makaranta. Wannan ban ga adalcinsa ba, na kuma taɓa gaya mata. Kuma tana da zafi. Yarinyar da ta karanta a tsaye, ko ta makara, takan fito da hawaye. 'Yata Ikhlas, wadda yanzu take aure a Kumo, ta sha kuka a gidan nan, amma ko sau ɗaya ba ta yarda ta ba wata makonta ba.

Ni ce ma na so in hana ta. Zuciyata ba ta kwanta da a ce ana auna rahamar Ubangiji da gilashi ba. Malam ne ya ce da ni, “Kadija, matar nan ba ta ce ga abin da zai sauka ba, cewa ta yi ga abin da ya sauka. Ke ba kya auna gero da mudu? Shi ba rahama ba ne?” Na bar yarinyar tana zuwa, amma ni ban taɓa zuwa kusa da gwangwanin ba.

Sai shekarun nan suka zo, Allah kada ya maimaita mana. Bam a tasha, bam a wata tashar, shingen bincike a kowace kwana, yau a ce kada kowa ya fita, gobe a ce a fita. Abin da ya fi taɓa Malama shi ne da aka fara jin ana ɗaura wa ƙananan 'yan mata bam. Yarinya ta fito da hijabinta za ta makaranta, sai ka ga manya suna darewa suna ba ta hanya. Iyaye suka tsorata. Aka ce daga gida sai makaranta, daga makaranta sai gida, ba shiga gidan kowa. Ban ga laifinsu ba. Ɗaya bayan ɗaya masu makon suka daina zuwa, har Malama ta koma ita kaɗai.

A wannan tsakanin dangin mijinta suka gudo daga wajen Mubi, su tara, tsofaffi da masu goyo. Ɗaki biyu gare ta. Aka kafa rumfar tamfol a tsakar gidan, ta rufe sama ruf. Lokacin rani ne, ba a damu ba, sifiri ake rubutawa. Abin da ba wanda ya sani shi ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana ganin mutum, tana ganin hanya, amma zanen jikin gilashin ya ɓace mata.

Ina da kwana ashirin a takaba ta yi sallama ta shigo, rungume da gwangwanin kamar jariri. Ta tsaya tana kallon filin da Malam yake ɗaure ragunan kiwo, wanda ya zama fayau tun da 'yan'uwansa suka kwashe su.

“Maman Ikhlas, aji nawa kika yi?”

“Huɗu, Malama. Sai Islamiyya.”

“Kin san lamba?”

“Na sani.”

“Karanta wannan.” Ta miƙo mini gilashin da ruwa a ciki. Na ɗaga shi sama. Ta ce, “Ajiye a ƙasa ki durƙusa. Ba jinjirin wata kike nema ba.” Na durƙusa, na ce shida da ɗigo huɗu. Ta ce ta auna da sirinji kafin ta fito, haka ne.

Sannan ta faɗa mini gaskiya, a tsaye, ba ta ko zauna ba. Damina ta kusa, gidanta babu sama, idonta babu zane, yaran sun tafi. Baƙinta kuma ba za ta iya sa su ba, domin ko tsawa aka yi sai su shige ƙarƙashin gado. Shekara ashirin da biyu babu rana ɗaya da ta faɗi a littafin. In ban karɓa ba, to bana zai tsaya.

“Ke kuma wata huɗu ba inda za ki,” in ji ta. “Kin fi kowa dacewa.”

Wani zai ce wannan ba maganar da ake yi wa mai takaba ba ce. Ni kuwa ita ce magana ta farko da aka yi mini tun rasuwar wadda ba “sai haƙuri” ba. Na ce ta kafa.

Ta auna da taku daga katanga, daga ɗaki, daga bishiyar dalbejiya, ta kafa shi a tsakiyar fili tsaf, ta sa na rubuta a littafi cewa an matsar da shi taku goma sha biyu zuwa gabas. Ta nuna mini yadda ake cire mazurari, yadda ake juyewa ba a bar ɗigo ba. Duk abin da ta ce in yi, na riƙe. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, domin ba ta zaci akwai mai bukatar a faɗa masa ba.

Kusan makonni uku ina rubuta sifiri. Ran tara ga Mayu, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas. Na yi abin da kowace mace a Gabukka take yi: na kwaso bokitai da baho da tukwane na jera a ƙarƙashin indararo. Ruwa ya sauko. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon kayana suna cika, sai idona ya kai kan gwangwanin Malama, shi kaɗai a tsakiyar fili, da ɗan bakinsa kamar na kofi, ɗigo yana faɗa masa ɗaya-ɗaya. Wallahi tausayinsa na ji. Na ce matar nan ta ba ni ruwan tankinta, ga ruwan farko ya zo, a ce nata ne zai tashi da ɗan abin da bai kai wanke hannu ba? Tun ina yarinya aka koya mini cewa mai son ruwa indararo yake kai wa ƙwarya. Na yafa zane, na fita, na ɗauko shi na janye baho ɗaya na sa shi a gurbin. Da ruwan ya ɗauke na mayar da shi inda yake, na daidaita.

Da safe ta shigo ƙarfe bakwai saura. Kwalbar ta cika ta tumbatsa cikin gwangwanin. Na yi ta juyewa a gilashi ina tarawa, na ce tamanin da bakwai. Har da ɗan murmushina.

“Nawa?”

“Tamanin da bakwai, Malama.”

“Ruwan jiya? Wanda bai kai a dafa shinkafa ba? Da tamanin da bakwai ya sauka, da yanzu kwari ya cinye rabin layin nan. Sake.”

Na ce ba kuskuren lissafi ba ne, na gaya mata abin da na yi. Na zaci za ta ce sannu.

Sai ta ce, a hankali, “Shekara ashirin da biyu. Yara 'yan shekara takwas sun riƙe mini shi.” Ta karɓi gilashin daga hannuna, ta ɗauki littafin.

Na ce, “Malama, ki yi haƙuri. Ai kin ji ruwan a kan kwanonki. Nawa kike gani ya kai?”

“Bakwai. Ko takwas.”

“To mu rubuta takwas mana. Wa zai sani?”

Nan ne ta ɗaga murya, har baƙinta suka leƙo ta katanga. “Kunne ba shaida ba ne! In na rubuta takwas yau, duk sauran lambobin littafin nan sun zama wataƙila. Uwa za ta tsaya a bangon can ta zuba irin gyaɗarta a kan wataƙila?” Ta fice. Ran nan bangon ƙofarta kwanan wata kawai aka gani, da ɗan gajeren layi a gabansa.

Kwana uku ba ta shigo ba. Gwangwanin yana nan, amma babu gilashi, babu littafi. Allah ya taimake ni ba a yi ruwa ba. Kullum ƙarfe bakwai nakan buɗe in ga a bushe, in rubuta sifiri da gawayi a jikin bangon madafa, don ban san me zan yi ba in ba haka ba.

Ba faɗan ne ya dame ni ba, maganata ce ta “wa zai sani”. Azumi yana matsowa, sai na tuna yadda Malam yake faɗa game da ganin wata: mutum ɗaya ya ce ya gani alhali bai gani ba, ya ɗauki azumin gari guda a wuyansa. Ni da nake ganin ina kiyaye harshena, ga shi na ce a rubuta shaidar abin da ba a gani ba, kuma wadda ta ƙi ita ce wadda na yi shekaru ina shakkar gwangwaninta. Na yi istigfari. Na aika mata da cewa na gane laifin na biyu, amma na farkon har yanzu ban gane ba, domin ruwa dai ruwa ne.

Ran na huɗu da hantsi ta shigo. Ta tarar da mata biyar sun zo taya ni zama, cikinsu har da Uwa. A lokacin ba a son taro, ko suna a gurguje ake yi, amma ba mai hana mace shiga gidan takaba. Ta ga sifirina uku na gawayi, sai da ta kai fuskarta dab da bangon. Sannan ta ce a ba ta faranti da kofi da tsintsiya.

Ta ajiye kofin a fili, ta tsoma tsintsiya a ruwa ta yarfa a kansa. 'Yan ɗigo suka faɗa. Ta sa Uwa ta riƙe farantin a karkace, bakinsa a kan kofin, ta sake yarfawa. Ruwan farantin duka ya gangaro cikin kofin.

“Farantin nan shi ne rufin ɗakinki. Abin da kika auna ran nan, ruwan da ya sauka a kan ɗaki guda ne, kika ɗura wa ɗan bakin nan. Gyaɗar Uwa tana da rufi? Abin da ya faɗo a kanta shi ne nata. Shi muke tambaya.”

Uwa ta ce, “To in haka ne, Malama, ki sa baho mana. Wannan ɗan tsurut ɗin me zai kama? Rowa ce dai irin taki, har ruwan Allah sai kin ba shi ƙaramin kwano.”

“Ke da bakinki ya fi baho faɗi, me kika tara da shi?” Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, karo na farko tun Maris, har na ji kunya na rufe baki.

Sai ta ce a kawo gwangwanin madara da aka yanke wa kai, da babbar tukunyar da nake dafa abincin suna, mai miƙaƙƙen jiki. Ta ce a ajiye su a fili kusa da juna, in an yi ruwa a tsoma tsinke a kowanne a ga inda ya jiƙe. Ta tambaya wanne zai fi zurfi. Duk muka ce tukunya, ban da wata da ta ce gwangwani, don shi matsattse ne, ruwa zai hau.

Bayan kwana shida aka yi ruwa mai kyau. Kafin ƙarfe bakwai matan nan sun dawo, sun zama tara, uku da 'ya'yansu mata a gaba, tunda tare da uwa ai ba a ce yarinya ta fita ba. Uwa ce ta tsoma tsinken tsintsiya a tukunya, ta sa farce, ta tsoma wani a gwangwani, ta haɗa su. Daidai wa daida. Ta sake. Ta canza tsinke. Ta ce a'a, an taɓa. Na rantse mata ba wanda ya taɓa, ni kuwa yanzu ko kaza ba na bari ta je wajen.

“Ikon Allah,” in ji Uwa. “To ina ruwan tukunyar ya tafi?”

“Yana nan. Ya fi yawa, amma ya baje. Bilkisu, zo ki gaya wa uwarki.” Bilkisu 'yar Uwa ce, tana aji biyar, tana cikin waɗanda aka hana zuwa. Ta yi bayani tana in-ina, Malama tana gyara mata da tsawa kamar yadda ta saba. Daga nan ta zaro gilashin daga jakarta ta miƙo mini. Na durƙusa. Ashirin da ɗaya da ɗigo biyu.

Haka damina ta kama. Gidan takaba ya zama wurin duba ruwa. Mata su zo gaisuwa da sassafe, su tsaya a karanta, a yi gardama ko na yau ya kai na ran Talata. Ni nake karantawa, ni nake rubutawa a littafi, ita ta fita ta zana a bango da ƙiyasin hannu, layin yana karkacewa. Ba ta ƙara ambaton ran tara ga Mayu ba, amma ba ta cike gurbin ba. Yana nan a littafi na tara, gajeren layi, da rubutuna a gefe, domin ni ta sa na rubuta dalili: an matsar da ma'auni.

Wani lokaci yaran kan miƙo hannu, sai in ce su bari, kada su fasa. Gilashin ɗaya ne tak, kuma na riga na yi ɓarna sau ɗaya. Malama kuwa tana jin mu.

Ana gobe Sallah bam ya tashi a babbar kasuwa. Malama ta baro wajen ba da daɗewa ba, ta je sayo wa baƙinta gishiri da manja. Ta dawo da ƙafa, domin ba abin hawa, ta zauna a kan turmina, ta ce in ba ta ruwa. Washegari, ranar Idi, ƙarfe bakwai tana tsakar gidana.

Cikin mako Hillary ya iso daga Jos. Ya ce ya gaji, za a yi mata aikin ido a can, kuma ba za ta dawo ba. Baƙin ma sun fara komawa garinsu. Ina jin Hillary da Malama ta katanga suna gardama, shi da Turanci, ita da yarensu. Ta ce ba inda za ta sai na fita takaba. Ya ce me ya haɗa tafiyarta da takabar maƙwabciya? Ta ce bango a waje yake, ni kuma ban isa fita ba tukuna, wa zai rubuta? Ya koma shi kaɗai yana huci, ya dawo bayan sati uku.

Ranar da za su tafi, kwana biyu da fitata, an yi ruwa tun asuba ya ɗauke. Na karanta, goma sha huɗu. Ta sa Iro ya shafa baƙin fenti a bangon ƙofata tun jiya, yana yi yana cewa yanzu bokayen layin sun zama biyu. Ta ba ni alli. Ban taɓa rubutu a inda maza ke wucewa ba. Na rubuta ƙanana. Ta kai fuskarta kusa ta ce, “Wa zai ga wannan, tururuwa?” Na goge na sake.

Ta kawo littattafan nan tara a cikin leda, ta ce a Jos ba su da amfani, ruwan Gabukka ne a ciki. Hillary yana cikin mota yana ta danna ham. Na fara yi mata alkawari cewa ba zan bari rana ta faɗi ba, ba zan bari kowa ya taɓa gilashin ba. Sai ta katse ni.

“Shi ne abin da ba na so. Rana za ta faɗi, ke ba ƙarfe ba ce. In ta faɗi ki ja layi. Gilashi kuma in ya fashe, a gwada da tsinke kafin a samo wani.” Ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. “Na ji ki kina hana yaran nan. Ni shekara talatin da ɗaya ana ce mini in wanke in ajiye, kada in fasa. Maman Ikhlas, abu ɗaya nake roƙonki. Duk yarinyar da ta leƙo ta ce mene ne wannan, kada ki ba ta amsa daga bakin ƙofa. Ki shigo da ita, ki sa mata gilashin a hannu, ki koma gefe ki yi shiru har ta faɗi lambar da bakinta.”